A Rubuta Lambar Kafin A Narkar Da Ƙarfen

Duk wanda ya saba ratsa unguwannin birnin Sakkwato, in dai yana cikin masu lura da abin da idonsu ya faɗa a kai, ba zai rasa cin karo da tsofaffin kayan soja da suka daɗe da barin hannun soja ba, ko jarkar ƙarfe mai kauri wadda direban babbar mota ya gada daga ubangidansa, ko akwatin harsashi da makaniki ya mayar ma'ajin sufana, ko kuwa gorar ruwa da hular kwano da ke rataye a zauren wani tsoho, wanda tun da Allah Ya yi masa rasuwa aka rasa mai cewa ga inda ya samo su. Galibin waɗannan kaya, in an kankare tsatsa an share ƙura, akan tarar da rubutu a jikinsu: wani dogon jerin lambobi ne, wani haruffa biyu ne da shekara, wani kuwa 'yar alama ce ta kibiya ko tauraro. Mukan duba mu kau da kai, don mun ɗauka sha'anin bariki ne da bai shafe mu ba. Ni kuwa a ganina wannan rubutu shaida ce mai ƙarfi, wadda muke zubarwa kullum a sikelin 'yan gwangwan da wutar maƙera, alhali kuwa muna cikin zamanin da babu tambayar da ta fi ci wa mutanen Isa da Sabon Birni da Tangaza tuwo a ƙwarya kamar wannan: bindigogin da ake kashe mu da su daga ina suke fitowa?

Abin da ya sa na ga gafalar ta fi muni a nan fiye da ko'ina shi ne, Sakkwato gari ne da aka gina bisa tahƙiƙi. Malamanmu ba su karɓar riwaya sai sun tambayi isnadinta, wa ya ji daga wa, a wane gari, kuma shin sun yi zamani ɗaya ko ba su yi ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, har littafi ya wallafa, Ida'un Nusukhi, domin ya bayyana malaman da ya ɗauki ilmi a wurinsu. Mai kwafar littafi ma, in ya kai ƙarshe, yakan sa sunansa da sunan wanda ya kwafa dominsa, wani lokaci har da rana da wata, don kada na baya su shiga ruɗu. To, lambar da ke jikin kayan soja ita ce isnadin ƙarfe. Tana faɗin irin abin, da hukumar da ta fara shigar da shi kundi, wani lokaci da ma'aikatar da ta ƙera shi da shekarar ƙira. Kuma kamar kowane isnadi, akwai ingantacce, akwai yankakke, akwai wanda aka ƙaga don a ɓatar da mai bincike, ba a kuwa rarrabe su sai da ilmi.

Bari mu fara da tsarin da ya fi yaɗuwa, wanda kuma ya fi sauƙin karantawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta lura cewa rundunoninta na ƙasa da na ruwa da na sama suna sayen abu ɗaya da sunaye daban-daban, har ya kasance wani rumbu ya cika da abin da wani rumbun ke nema ido rufe, sai ta ƙago lamba guda ga kowane irin abu mai shiga ma'ajin gwamnati, lamba mai alƙaluma 11. Ƙungiyar tsaro ta NATO, wadda aka kafa a 1949, ta ɗauki wannan tsari cikin shekarun 1950, aka ƙara alƙaluma biyu masu nuna ƙasa, lambar ta zama mai alƙaluma 13, ana rubuta ta kashi huɗu da 'yar karan ɗori a tsakani: huɗu, biyu, uku, huɗu. Ita Amurka kanta ba ta koma ga 13 ɗin ba sai a 1974, saboda haka duk kayan Amurka da ka gani da lamba mai alƙaluma 11, kana da hujjar cewa an buga masa ita ne kafin wannan sauyi, ko kuwa gab da shi.

Alƙaluma huɗu na farko su ke faɗin jinsin kaya. In ka ga 1005, ana nufin bindigogi da sassansu, waɗanda faɗin bakinsu bai wuce milimita 30 ba. 1305 harsashin irin waɗannan bindigogi ne. 2320 manyan motoci ne. 5820 na'urorin rediyo. 7240 jarkoki da makamantansu. 8465 kuwa kayan da soja ke ɗaurawa a jikinsa, irin su jaka da ɗamara da gorar ruwa. Biyun da ke biye su ne lambar ƙasa, su ne kuma maƙasudin magana: 00 da 01 Amurka, 99 Ingila, 12 Jamus, 13 Beljiyam, 14 Faransa, 15 Italiya, 17 Holan, 20 da 21 Kanada, 27 Turkiyya, 66 Ostireliya. Bakwai na ƙarshe ba su da wata ma'ana a karan kansu, jeri ne kawai na rajista, amma da zarar an ba wani abu su, ba a ƙara ba wani abu dabam su a ƙarƙashin lambar ƙasa ɗaya. Don haka in ka ɗauki tsohuwar ɗamara ka ga an buga mata 8465, aka bi da 99, sa'an nan alƙaluma bakwai, ka san kayan jikin soja ne, ka kuma san Ingila ce ta shigar da ita kundi. Yaron da ya iya karanta lambar waya zai koyi wannan a zama ɗaya.

Amma a nan ne mai gaggawa yakan zame, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya dakata. Lambar ƙasa tana nuna ƙasar da ta fara yi wa abin rajista ne, wadda galibi ita ce ƙasar kamfanin da ke da tsarin ƙirarsa. Ba ta nuna sojan da ya riƙe shi, balle wanda ya shigo da shi Nijeriya. Jarka mai 12 tana iya zama ta ratsa rundunonin ƙasashe uku, an yi gwanjonta a Turai, ɗan kasuwa ya sauke ta a Kwatano, kafin ta iso Illela. Wanda ya ga 14 a jikin wata jaka da aka tsinta a sansanin 'yan bindiga, ya tashi ya yi shela cewa ya kama Faransa dumu-dumu, ya gina hukunci a kan zato, kuma zato ba ya zama yaƙini don an maimaita shi a rediyo. Abin da lambar ke bayarwa farkon sarƙa ne. Sauran sarƙar sai an bi takardun saye da na jigila, an tambayi ƙasar da ta ƙera wa ta sayar wa, a wace shekara. Akwai kuma shubuha ta biyu wadda ta fi wannan saurin yaudara, wato kamanceceniyar lambobi tsakanin tsari da tsari. A tsarin NATO 66 Ostireliya ce, amma 66 a cikin alwatika a jikin bindiga ƙirar Kalashnikov tambarin wata ma'aikata ce ta ƙasar Sin. 21 Kanada ce a wancan tsari, alhali a gindin kwanson harsashi ma'aikata ce ta Folan. 17 Holan ce, amma a kwanso ma'aikatar Barnaul ce ta Rasha. Lamba ɗaya, hukunci biyu, kuma abin da ke raba su shi ne wurin da aka buga ta da abin da ke kewaye da ita.

Kayan da suka girmi NATO su ma ba bebaye ba ne, kuma su ne suka fi shafar tarihin wannan birni. Gwamnatin Ingila tun ɗaruruwan shekaru tana buga wa dukiyarta alamar kan kibiya mai faɗi, bayan 1855 kuma aka riƙa sa kibiyar tsakanin haruffan W da D, wato ma'aikatar yaƙi. In kuwa an sayar da abin ta halaltacciyar hanya, sai a buga kibiya biyu suna fuskantar juna, don a san ya fita daga baitulmali da izini. Dubi wannan ladabi na amana, wanda ya raba abin gwanjo da abin sata da bugun guduma ɗaya! Rundunar da ta zo Giginya ran 15 ga Maris 1903 ta yaƙi Sarkin Musulmi Attahiru da igwa da bindigogi masu jigida na Maxim, kayan gwamnatin Ingila ta ɗauko. Wadda mutanen Satiru suka tarwatsa a Fabrairun 1906, har suka ƙwace mata Maxim guda, ita ma haka. Wadda ta koma ta rushe garin a watan Maris na shekarar, ita ma haka. Kwanson da manomi zai tono a waɗannan filaye, haruffan gindinsa suna iya faɗin ma'aikatar da ta yi shi, misali R da L da kibiya a tsakani na nufin ma'aikatar gwamnati ta Woolwich, K kuwa kamfanin Kynoch. Lambobin yabo da aka raba wa waɗanda suka yi yaƙin 1903 da na 1906, da kuma na Yaƙin Duniya na Farko, akan buga sunan mai su da lambarsa da rundunarsa a gefen ƙarfen. Na Yaƙi na Biyu ne galibi aka bar su ba suna. Ga kuma 'yan Bama, wato sojojinmu na Yaƙi na Biyu, waɗanda suka tafi cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a 1943 da 1944, suka komo da akwatuna da takardun sallama masu ɗauke da lambar kowane soja. Jikokinsu da yawa ba su san cewa da wannan lamba ce ake neman labarin kakansu a kundayen da aka ajiye ba.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 shi ya cakuɗa rumbunanmu, domin gwamnatin tarayya ta sayi makamai daga Ingila, ta kuma saya daga Tarayyar Sobiyet, wadda ba ta bin tsarin NATO ko kaɗan. Kayan Sobiyet da ƙawayenta tambarin ma'aikata suke ɗauka: kibiya cikin alwatika Izhevsk ce, tauraro Tula ne, 10 cikin da'ira Bulgeriya, 11 cikin da'ira ma'aikatar Radom ta Folan. Kwanson harsashinsu kuwa yakan ɗauki lamba biyu, ɗaya ta ma'aikata ɗaya ta shekara, kuma wanda bai sani ba yakan karanta 71 ko 61 na Sin a matsayin shekara, alhali lambar ma'aikata ce. Harsashin da aka yi bisa ƙa'idar NATO yana da 'yar da'ira mai gicciye a ciki. Mu ma muna da namu, domin ma'aikatar makamai ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 tana buga OFN a gindin harsashinta.

To, wace fa'ida ke cikin wannan duka, ban da nishaɗin masu tara kayan tarihi? Fa'idar ita ce an riga an gwada, an kuma ga amfaninsa a maƙwabtanmu. A Janairun 2020 wata ƙungiyar bincike mai suna Conflict Armament Research ta fitar da rahoto a kan makaman da aka kama a jihohin Kaduna da Katsina da Zamfara, kuma ba wani sihiri ta yi ba illa ɗaukar hoton kowace bindiga da kowane kwanso, da karanta tambari da lamba, da rubuta wa ƙasashen da suka ƙera don su faɗi wanda suka sayar wa. Ta haka ta gano cewa wasu sun fito ne daga rumbunan Libiya, waɗanda suka watse bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. Wasu daga ma'ajin gwamnatin Kwaddebuwa. Wasu bindigogin harbi-ka-ruga na zamani ƙirar Turkiyya ne da aka yi fasa-ƙwaurinsu ta tashar jiragen ruwan Legas. Wasu kuwa, abin takaici, daga ma'ajin jami'an tsaron Nijeriya kansu suka fito. Wannan na ƙarshe bai kamata ya ba kowa mamaki ba, tun da rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce zuwa Disamban 2018 akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da suka ɓace, 88,078 daga cikinsu AK-47 ne. Ba na cewa duka sayarwa aka yi, domin wasu an ƙwace su ne daga hannun bayin Allah da aka kashe a bakin aiki. Amma ko an sayar ko an ƙwace, kowace ɗaya tana da lamba, kuma ranar da aka kama ta a dajin Gundumi ko a Gudu, lambar ce kaɗai za ta ce daga wane ofishi ta fita. Su ma masu fasa-ƙwaurin sun san haka, shi ya sa suke bin lambar da magagari suna gogewa, ba su san cewa ƙarfen da ke ƙarƙashin bugun yakan riƙe sawunsa ba, har masana su iya tayar da shi da ruwan magani.

Na san za a ce wannan aikin hukuma ne, kuma sirrin tsaro ba a baza shi a faifai. Rabin maganar gaskiya ce. Bin sawun bindiga har ƙasar waje aikin hukuma ne, kuma wajibi ne a kanta, domin yarjejeniyar ECOWAS a kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a Yunin 2006, ta shar'anta a buga wa kowane makami lamba da sunan maƙeri da ƙasa da shekara, a kuma riƙe rajista. Cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, don haka aka yi ta. Amma ban yarda cewa sakamakon binciken sirri ba ne. Abin da muka saba gani shi ne a shimfiɗa bindigogi a ƙasa, a jera harsasai, a ɗauki hoto, a faɗi adadi, wata rana kuma a tara su a cinna musu wuta gaban manyan baƙi; abin da ba a cika gaya mana ba shi ne nawa ne ƙirar wace ƙasa, nawa ne sababbi, nawa ne kuma suka taɓa zama dukiyar gwamnati. Harsashin da aka ƙera shekara biyu da suka wuce, in an same shi a hannun ɗan ta'adda, labarinsa dabam yake da na harsashin da ya shekara arba'in, domin na farko yana nuna ƙofa ce a buɗe har yanzu. Jama'ar da ake zubar da jininta tana da haƙƙin sanin wanne ne daga ciki ake samu.

Wajibi ne kuma in yi gargaɗi, kada maganata ta zama sanadin halaka. Karanta lamba a jikin jarka ko ɗamara ko akwatin da babu kome a ciki abu ne marar haɗari. Taɓa abin da ke iya fashewa kuwa wauta ce, ko da ya shekara hamsin a ƙasa, domin tsufa ba ya kashe albarushi, sau da yawa ma ƙara masa saurin fushi yake yi. Mutanen Legas ba su manta da 27 ga Janairun 2002 ba, ranar da rumbun makaman barikin Ikeja ya kama da wuta, mutum fiye da dubu suka rasu, akasarinsu a cikin ruwa wajen gudu. Mu ma a nan, bayan harin da Amurka ta kai cikin jihar nan a daren 25 ga Disamban 2025, gwamnatin tarayya ta tabbatar da cewa ɓaraguzan makamai sun faɗa a Jabo ta ƙaramar hukumar Tambuwal, da Offa a jihar Kwara. Irin waɗannan ɓaraguzai rubutun jikinsu shi ne hujjar abin da aka harba da wanda ya ƙera shi, kuma a cikinsu ana iya samun abin da bai gama fashewa ba; duk yaron jari-bola da ya saɓa su a buhu ya kai sikeli, ya ɓatar da shaida, ya kuma ɗauki ajalinsa a kafaɗa. Wanda ya tsinci irin wannan ya nisance shi, ya sanar da mai unguwa da 'yan sanda. Dokar makamai ta 1959 ma ba ta yarda mutum ya ajiye bindiga ko harsashi ba izini ba, ko da sunan gado ne.

Game da kayan da ba su da haɗari, ina ganin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ita ta fi cancanta ta buɗe kundi, inda mai tsohon akwati ko lambar yabo ko takardar sallama zai kai a ɗauki hoton rubutun, a sa sunan gidan da abin ya fito, a mayar masa da kayansa. Ɗaliban sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuwa su zagaya Maƙera Assada da rumfunan 'yan gwangwan da wayoyinsu, su roƙi iyayen sana'a su ba su minti ɗaya kafin ƙarfe ya shiga wuta. Wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi mai nauyi, littafi ne da alƙalami da mutum mai haƙuri.

Babban roƙona kuwa ga hukumomin tsaro ne da ke da mazauni a wannan birni, daga runduna ta 8 ta sojan ƙasa har rundunar 'yan sandan jiha, da kuma wakilanmu a majalisun Abuja. Duk lokacin da za a nuna wa 'yan jarida makaman da aka kama a jihar Sakkwato, a haɗa da takarda mai faɗin ƙirar kowace bindiga, da ƙasar da ta yi ta, da shekarun da ke gindin harsasan, da adadin waɗanda aka tabbatar daga rumbun gwamnati suka fito. Kada kuma a ƙone ko ɗaya sai an rubuta lambarta an adana hotonta. In hukuma ba ta kawo wannan takarda da kanta ba, to, 'yan majalisarmu su tashi a zauren majalisa su neme ta.